Gargaɗi da Wa'adin Kwana 21: Bashi Yana Cinye Karatunmu da Gonakin Iyayenmu

Daga: Ɗaliban jami'a 'yan asalin ƙasar Maska, Funtua, Malumfashi da sauran garuruwan Karaduwa

Zuwa ga: Mai girma Gwamnan Jihar Katsina, Malam Dikko Umaru Raɗɗa, Hukumar Tallafin Karatu ta Jiha, shugabannin ƙananan hukumomi 11 na shiyyar Funtua, 'yan majalisunmu na jiha da na tarayya, shugabannin jami'o'in da muke karatu, da asusun ba ɗalibai rance na ƙasa, NELFUND

Domin sanin iyayen ƙasa: Sarkin Maska, Galadiman Katsina, da sauran hakimai da limamanmu, Allah ya ƙara muku lafiya



Mu 'ya'yanku da ke karatu a jami'o'in Zariya, Kano, Sakkwato, Katsina da Dutsin-Ma mun zauna a garin Maska, mun saurari koken junanmu, muka amince da murya ɗaya mu rubuto muku wannan takarda. Gargaɗi ce, kuma tana ɗauke da wa'adi. Maganarmu guda ce: ɗan manomi a wannan yanki da bashi yake biyan kuɗin jami'a, bashin kuwa gonar mahaifinsa ce ke biyansa. In aka bar abin haka, za a wayi gari babu digirin, babu gonar.

Mun daɗe muna haƙuri. Kowa yana kai kukansa shi kaɗai, wannan ga kawunsa, wancan ga alhajin unguwa, a ba shi abin da ya sauwaƙa ko a ce ya dawo jibi. Wannan roƙo na ɗaiɗaiku ya zubar mana da mutunci, bai kuma magance komai ba. Yau a ƙungiyance muke magana.

YADDA MUKA KAI GA WANNAN HALI

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta haura 1,000. A watan Yuni na 2023 aka bar kasuwa ta yanke wa naira daraja, dalar da ke wajen naira 460 a hukumance ta zarce 1,500 a farkon 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da kanta ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamba 2024. A daidai wannan lokaci jami'o'in tarayya da dama suka ƙara kuɗin rajista, wasu suka ninka, wasu suka wuce ninki. Duk waɗannan a aljihun ɗalibi ɗaya suka haɗu: kuɗin mota daga tashar Funtua, hayar ɗaki a Samaru ta Zariya, tiyar shinkafa, handawut, data, da kuɗin buga aikin bincike na shekarar ƙarshe.

Tun kafin nan ma an riga an jikkata mu. Yajin aikin ASUU na 2020 ya ci kimanin wata tara, na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Mun biya hayar ɗakunan da ba mu kwana a ciki ba, karatun shekara huɗu ya koma biyar ko shida, jadawalin makarantu kuma ya wargaje. Yanzu rajista na iya faɗowa a kowane wata, kuma a nan ne ciwon yake.

Kowa ya san Karaduwa ce rumbun Jihar Katsina. Masara, dawa, waken suya da auduga daga nan suke fita. Manyan motoci na yin lodin hatsi a kasuwar Ɗandume su nufi sassan ƙasar nan, Ɗanja ta yi suna da tumatir da rake, Funtua kanta auduga da layin dogo ne suka raya ta, Maska kuwa tun zamanin kaka da kakanni aka san ta da saƙa da rini. Mu ba 'ya'yan malalata ba ne. Sai dai manomi sau ɗaya yake ganin kuɗi a shekara. Da faɗuwar damina duk abin da ya mallaka yakan tafi a huɗa, iri, taki, maganin feshi da 'yan ƙwadago. Daga Yuni zuwa Satumba aljihunsa fayau yake, rumbunsa ma ya kusa ƙarewa. Idan aka buɗe shafin rajista a wannan tsakani aka ce mako uku za a rufe, daga ina zai ciro kuɗin? Idan kuma ta faɗo da kaka, dole ya kai hatsinsa kasuwa a lokacin da farashi ya fi kowane lokaci karyewa, ya sayar da buhu uku don biyan abin da buhu biyu zai biya in da ya samu ya jira.

Ga matsalar tsaro a kan wannan. A Faskari, Sabuwa, Ɗandume da Ƙanƙara akwai gonakin da aka shekara da shekaru ba a shiga ba. Gidaje da yawa sun sayar da shanun huɗa sun biya kuɗin fansa. Harin da aka kai wa masallata a Unguwar Mantau ta ƙasar Malumfashi a watan Agusta 2025 ya nuna cewa har yanzu wutar ba ta mutu ba. Sannan bayan da gwamnatin tarayya ta buɗe ƙofar shigo da hatsi ba haraji a 2024, farashin masara ya faɗi warwas a kakar 2025, taki kuwa bai sauko ba, har ta kai a kasuwanni da dama buhun masara bai sayen buhun taki. Mai saye a birni ya ji sauƙi, muna taya shi murna. Mai nomawa, wanda shi ne ubanmu, bai mayar da uwar kuɗinsa ba, kuɗin makaranta kuma yana nan yadda yake.

IRIN BASHIN DA KE WUYANMU

Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Mun yarda. Amma akwai bashin taimako, akwai na cin amana, kuma na biyun ne ya yi mana katutu.

Na farko shi ne ba-da-kaka. Uba ya je wurin mai kuɗi tsakiyar damina, ya karɓi kuɗin rajistar ɗansa, a yanka masa adadin buhunan da zai kawo in an yi girbi. Mai kuɗin ne ke yanke farashi, mabuƙaci kuwa ba ya ciniki. In damina ta yi kyau, rabin wahalarsa ta tafi gidan wani. In fari ya zo, ko 'yan bindiga suka hana girbi, bashin ya tsallaka baɗi da ƙari. Ba mu ce duk mai ba da kaka azzalumi ba ne, akwai masu tsoron Allah da suka rufa wa gidaje da yawa asiri. Amma babu ma'auni, babu rubutu, babu wanda za a kai wa ƙara.

Daga nan sai jinginar gona. Ana karɓar kuɗin zango ɗaya, a miƙa gonar gado, mai kuɗi ya riƙa nomawa har ranar da aka fanshe ta. To da me za a fanshe ta, alhali ita ce hanyar samun kuɗin? Haka jingina ke rikiɗewa ta zama sayarwa, ƙannenmu da ke firamare su tashi ba su da inda za su sa fartanya.

Na uku su ne manhajojin bashi na waya. Cikin minti kaɗan za su turo kuɗi, su zare nasu tun kafin ya shigo, su ba da mako ɗaya ko biyu. In an makara da kwana guda, sai ruwa ya hau kan ruwa, sai kira ba dare ba rana, sai saƙonnin ɓatanci ga duk wanda lambarsa ke cikin wayar: mahaifi, malami, limami, surukai. Hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye ta fitar da ƙa'idar rajistar waɗannan kamfanoni tun 2022, kamfanin Google ya hana su shiga lambobi da hotunan waya a 2023, dokar kare bayanan jama'a ta ƙasa ma a 2023 aka sa mata hannu. Duk da haka wasu na nan suna aikinsu ta bayan fage, kuma ɗalibin da aka ba shi kwana biyu a rufe rajista ba ya tsayawa duba wanda ke da lasisi.

Akwai kuma ƙananan basussukan da ba a faɗa: na mai shago, na mai abinci, na abokin ɗaki. Su ne ke sa ɗalibi ya sauya hanya in zai tafi aji, ya kwana da garin kwaki, ya shiga jarrabawa da jiri. 'Yan'uwanmu mata nasu ya fi ciwo, domin akwai marasa tsoron Allah da ke fakewa da sunan taimako suna neman mutuncinsu. Ƙarshen duk wannan sananne ne: a jingine karatu da niyyar shekara ɗaya, shekarar ta zama har abada, yaron da ya ci JAMB ya koma acaba da bashi a kansa.

MATSAYINMU GAME DA NELFUND

Mun yaba da kafa wannan asusu. An sa wa dokarsa hannu a Yuni 2023, aka sake ta ranar 3 ga Afrilu, 2024, aka cire sharaɗin kawo masu tsayawa, aka buɗe shafin nema ranar 24 ga Mayu, 2024. Rance ne marar ruwa. Ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, ana ba ɗalibi naira 20,000 a wata, ba a fara biya sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa, inda za a riƙa cire kashi 10 cikin ɗari na albashi. Muna so iyayenmu su ji wannan da kyau, domin wasu sun hana 'ya'yansu nema bisa zaton riba ce.

Sai dai gyara na nan. Naira 20,000 a wata ba ta kai 700 a yini ba, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma 70,000 tun Yuli 2024. Neman yana buƙatar lambar JAMB, NIN da BVN, kuma harafi ɗaya in ya saɓa tsakanin sunayen, magana ta tsaya. Yaron ƙauyen da aka rubuta masa Muhammadu a wata takarda, Mohammed a wata, shi ne ya fi kowa buƙata, shi ne kuma ya fi kowa maƙalewa. Idan aka rufe rajista kafin rancen ya iso, dole ɗalibi ya ci wani bashin ya biya, ya zama yana ɗauke da biyu. A 2025 ƙorafi ya yi yawa a faɗin ƙasa cewa wasu makarantu sun karɓi kuɗin asusun ba su sanar da ɗalibai ba, ko ba su mayar wa waɗanda suka riga suka biya ba, har hukumar ICPC ta shiga bincike. Kuma kada a manta, rance ne. Bai ɗauke wa jiha da ƙaramar hukuma nauyin tallafa wa 'ya'yansu ba.

BUƘATUNMU

1. Gwamnatin jiha da Hukumar Tallafin Karatu su sanya wa tallafin karatu rana tsayayya a kowace shekara, a sanar da ita a rediyo, ta kuma zo kafin rufe rajista. Tallafin da ya iso bayan ɗalibi ya ci bashi, aljihun mai bin bashi yake tafiya. A kuma daidaita adadinsa da tsadar yau.

2. Gwamnatin jiha ta ware asusun gaggawa na biyan rajistar marayu da 'ya'yan gidajen da ta'addanci ya raba da gonakinsu. Wannan ba baƙon abu ba ne. A 2023 gwamnatin Kano ta ɗauki nauyin rajistar dubban 'yan jiharta a Jami'ar Bayero, ta kuma rage rabin kuɗin manyan makarantunta, gwamnatin Kaduna ma ta rage nata a shekarar.

3. Jami'o'i su amince a riƙa biyan kuɗin rajista kashi biyu ko uku, na ƙarshe ya faɗo bayan kaka. Duk wanda ya nuna shaidar ya nemi rancen NELFUND a bar shi ya yi rajista ya zauna jarrabawa. Makaranta na da hanyar karɓar haƙƙinta a ƙarshe, tunda sakamako a hannunta yake.

4. Kowace jami'a ta manna sunayen waɗanda asusun ya biya wa, da ranar da kuɗin ya shigo, ta kuma mayar wa duk wanda ya biya sau biyu kuɗinsa cikin kwana 30.

5. NELFUND ta sake duba alawus ɗin wata, ta daidaita lokacin biya da jadawalin kowace makaranta, ta kuma yi wa jama'a bayani da Hausa a gidajen rediyo.

6. Kowace ƙaramar hukuma, daga Funtua, Malumfashi, Bakori, Ɗanja, Ƙafur, Ɗandume, Sabuwa, Faskari, Ƙanƙara, Musawa har Matazu, ta buɗe ofishi a sakatariya mai kwamfuta da intanet, inda za a taimaka wa ɗalibi ya cike neman rance ya gyara saɓanin suna kyauta. Ta kuma sa tallafin ɗalibai a kasafinta a fili.

7. 'Yan majalisarmu su bayyana abin da suka ware wa ilimi a ayyukan mazaɓa da yadda ake zaɓen masu amfana. A bi cancanta da buƙata, a daina bin jam'iyya ko sanayya.

8. Iyayenmu sarakuna da malamai, ranku ya daɗe, wannan roƙo ne muke yi da ladabi. Ku tara masu ba da kaka da masu karɓar jingina, a sa ma'auni na adalci, a wajabta rubutu da shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, kuma waɗanda bashi ya danne suna cikin kashi takwas na masu cin zakka. Yankin da ke fitar da zakkar hatsi mai yawa irin namu zai iya kafa asusun rance marar ruwa ga ɗalibansa.

WA'ADI

Mun ba da kwana 21 daga ranar da aka sa hannu aka karɓi wannan takarda. Ba mu ce a gama komai cikin mako uku ba, mun san aikin gwamnati da matakansa. Abin da muke jira shi ne amsa a rubuce daga kowane ɓangare, mai ɗauke da abin da za a yi da ranar da za a yi shi, da kuma zama guda da wakilanmu. "Ana dubawa" ba amsa ba ce a wurinmu.

Idan wa'adin ya cika shiru, ga abin da zai biyo baya, ɗaya bayan ɗaya. Za mu kira taron manema labarai a Funtua, mu karanta sunan kowane ofishin da ya amsa da wanda ya yi gum. Za mu shigar da ƙorafi na bai ɗaya, da hujjoji, gaban kwamitin koke na Majalisar Dokokin Jiha, da ICPC, da FCCPC, da hukumar kare bayanan jama'a. Bayan haka za mu sanar da 'yan sanda a rubuce, mu yi tattaki na lumana zuwa sakatariyar Funtua da ta Malumfashi, tare da iyayenmu manoma, mu zauna har a saurare mu. Sashe na 40 na kundin tsarin mulki ya ba mu wannan 'yanci. Daga ƙarshe, za mu janye daga duk wani gangamin siyasa, mu bi mazaɓa-mazaɓa muna shaida wa jama'a wanda ya tsaya wa 'ya'yansu da wanda ya juya baya, kafin zaɓen 2027.

Ba za mu tare hanya ba, ba za mu ƙona taya ba, ba za mu taɓa shagon kowa ba. Mun ga yadda zanga-zangar Agusta 2024 ta ƙare a Arewa, da asarar rayuka da dukiya da dokar hana fita har a jiharmu. Duk wanda ya shigo cikinmu da makami ko da niyyar ɓarna, mu da kanmu za mu miƙa shi ga hukuma. Muna kuma gargaɗin duk ɗan siyasar da ke shirin hawa kan wannan kuka don ya ci zarafin abokin hamayyarsa da ya yi nesa da mu.

GARGAƊI GA 'YAN'UWANMU ƊALIBAI

Wanda ke neman a yi masa adalci, shi ma sai ya tsaya a kan gaskiya. Kada ɗayanmu ya ƙara wa iyayensa ko sisi a kan kuɗin rajista, domin kowace naira da ya ƙara daga rumbu take fita. Wanda ya samu alawus ɗin NELFUND ya tuna ranar biya na zuwa, ya sa shi a abinci da littafi. Ku goge manhajojin bashi daga wayoyinku. Wanda aka riga aka fara yi wa barazana ya adana saƙonnin, ya kawo mana, ya kuma sanar da iyayensa kafin su ji daga bakin wani. Caca ta ƙwallo ba ta taɓa fitar da kowa daga bashi ba. Haka masu alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda: MMM ta tafi da dukiyar mutane a 2016, CBEX ta maimaita a Afrilu 2025, gobe wata za ta zo da sabon suna.

Duk bashin da za a ci, a rubuta, a sa shaidu, a faɗi ranar biya. Mai shago da mai abincin da suka rufa mana asiri su ne farkon waɗanda za a biya in kuɗi ya shigo, don su ma jari kaɗan gare su. A riƙe adashi tsakanin amintattu, a riƙe sana'a, a shiga gona lokacin hutu. Mun buɗe rajistar sirri ta duk wanda bashi ya danne ko yake gab da jingine karatu, kuma da ita za mu je teburin tattaunawa. Kada kunya ta sa wani ya kulle kansa a ɗaki. Idan ka ga abokinka ya daina zuwa aji, ya daina ɗaga waya, ka je ka buga masa ƙofa.

Shugabanninmu, likitan da asibitin Funtua ke nema, da malamin da makarantun Ƙafur da Sabuwa suka rasa, da masanin gona da zai gyara noman audugarmu, suna cikin waɗannan yaran da bashi ke kora gida. Da yawa daga cikinku da tallafin gwamnati kuka yi karatu, abin da kuka samu shi muke nema wa kanmu da ƙannenmu. A shirye muke mu zauna da ku a duk ranar da kuka kira cikin waɗannan kwanaki 21. In sun wuce ba kira, a rana ta 22 za mu fara da matakin farko.

Allah ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku, ya yaye wa iyayenmu, ya zaunar da yankinmu lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum.

Sa hannu:
Shugaba
Sakatare
A madadin ɗaukacin ɗaliban jami'a 'yan asalin ƙasar Maska da Karaduwa